Gamin Alminiyam da Magniziyam: Halayensa da Amfaninsa a Sana'ar Walda



Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne bayani a kan wani gamin ƙarfe wanda kusan kowa ya taɓa riƙe shi a hannu ba tare da ya san sunansa ba, watau gamin alminiyam da magniziyam. Duk wanda ya taɓa ɓalle murfin gwangwanin lemo ya taɓa wannan gami, domin da shi ake yin murfin. Da shi kuma ake ƙera kwale-kwale na zamani, da tankokin dakon mai, da manyan randunan da ke ɗauke da iskar gas a cikin teku. Za a duba asalinsa, da halayensa, da yadda ake waldarsa, da wuraren da yake da amfani, sa'an nan da wuraren da amfani da shi kan jawo asara. Wannan batu na ƙarshe ya shafi ma'aikacin da ke sa hannu a takardar kwangila kamar yadda ya shafi mai walda, saboda sandar walda guda da aka zaɓa bisa kuskure ta isa ta ɓata aikin da aka kashe wa dukiya mai yawa.

1. Suna da Asali

Tun kafin zuwan Turawa Bahaushe ya raba maƙera gida biyu. Akwai maƙeran baƙi, masu aikin baƙin ƙarfe, akwai kuma maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla da makamantansu. Alminiyam baƙo ne a maƙera, shi ya sa sunansa bai zauna wuri ɗaya ba. Wasu na ce da shi sanholo, wasu goran ruwa, a kasuwa kuwa aka fi jin ana cewa tukunyar dalma, alhali kuwa dalma ta asali ƙarfe ce mai nauyi da laushi wadda ba ta da dangantaka da shi. A wannan lacca za a kira shi alminiyam domin kauce wa ruɗani. Kalmar gami kuwa tana nufin ƙarfe biyu ko fiye da aka narka tare suka zama jiki ɗaya.

Babu wani ƙarfe da ya kai alminiyam yawa a ɓawon ƙasa, gama ya kai kamar kashi 8 cikin 100 na nauyinsa. Duk da haka ɗan Adam bai same shi a matsayin ƙarfe ba sai a ƙarni na 19, saboda yana manne da iskar oksijin mannewa mai tsanani, wutar maƙera ba ta iya raba su. Hans Christian Ørsted na ƙasar Denmak ya fara samun ɗan kaɗan a 1825. A 1886 Charles Martin Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowannensu shi kaɗai, suka gano hanyar raba shi da wutar lantarki, kuma har yanzu ita ake bi. Daga wata jar ƙasa mai suna boksit ake samo shi, ƙasar Gini kuwa tana cikin waɗanda suka fi kowa arzikinta. Kamar tan 4 na boksit ke ba da tan 1 na alminiyam. Aikin yana cin lantarki ƙwarai, shi ya sa aka kafa masana'antar Edeya ta Kamaru a 1957, da ta Tema a Gana a 1967, inda madatsun ruwa ke ba da wuta. Ta Nijeriya da ke Ikot Abasi ta fara aiki a 1997, amma ba ta ɗore da aiki ba.

Magniziyam kuwa Humphry Davy na Ingila ne ya fara ware shi a 1808. Ana samunsa daga ruwan teku da kuma wani farin dutse da ake kira dolomait. Ya fi alminiyam rashin nauyi: idan aka cika mudu guda da ruwa aka auna, sa'an nan aka auna ƙarfe mai girman wannan mudu, baƙin ƙarfe zai ninka nauyin ruwan kusan sau 7.8, alminiyam sau 2.7, magniziyam kuwa sau 1.7 kawai.

2. Abin da Magniziyam ke Ƙara wa Alminiyam

Tsantsar alminiyam yana da laushi, ba ya ɗaukar kaya. Idan aka ja shi, zai tsinke da zarar nauyi ya kai kamar kilogiram 9 a kan kowane murabba'in milimita. Idan kuwa aka narka masa magniziyam kashi 4 da rabi cikin 100, tare da ɗan manganis, ƙarfinsa kan kai kilogiram 28 zuwa 30, watau ninki uku ke nan, kuma bai ƙara nauyi ba.

Dalilin haka yana cikin tsarin ƙwayoyin zarra. A cikin ƙarfe suna jere ne sahu-sahu, kuma lanƙwasar ƙarfe ita ce zamewar wani sahu a kan wani. Ƙwayar magniziyam ta ɗara ta alminiyam girma, saboda haka duk inda ta shiga cikin sahu sai ta ture maƙwabtanta, ta hana zamewa cikin sauƙi, kamar yadda tsakuwa kan tare ƙofa. Bayan wannan, idan aka murza farantin a sanyi tsakanin manyan na'urori, ƙarfinsa kan daɗa ƙaruwa.

A 1954 Ƙungiyar Alminiyam ta Amurka ta tsara lambobi huɗu-huɗu domin bambanta ire-iren gami, daga baya sauran ƙasashe suka karɓa. Lambar farko ita ke nuna abokin gami: 1 tsantsa ne, 2 jan ƙarfe, 3 manganis, 4 silikon, 5 magniziyam, 6 magniziyam da silikon tare, 7 tutiya. Saboda haka duk gamin da lambarsa ta fara da 5 ɗan gidan da ake magana a kansa ne. Mai lamba 5052 yana da magniziyam kamar kashi 2 da rabi, 5454 kusan kashi 3, 5083 tsakanin kashi 4 da 4.9, murfin gwangwani kuwa 5182 ne.

Ban da ƙarfi, 'yan wannan gida suna da halaye uku da suka ɗaukaka su. Na farko, ruwan gishiri ba ya cin su da sauri. Na biyu, tsananin sanyi ba ya sa su gautsi. Baƙin ƙarfe na yau da kullum, idan sanyi ya yi tsanani, ya kan fashe kamar tangaram, shi kuwa wannan gami ƙarfi ma yake ƙarawa. Na uku, suna karɓar walda, kuma ba sa rasa ƙarfi mai yawa a gefen ɗinkin.

3. Wahalar Waldar Alminiyam

Mai waldar da ya ƙware a baƙin ƙarfe, ranar da ya fara taɓa alminiyam sai ya koma ɗan koyo. Abubuwa huɗu ne ke jawo haka.

Na farko ita ce fatar da ke bisa ƙarfen. Da zarar iska ta taɓa alminiyam sai wata siririyar fata mai tauri ta rufe shi. Ita ce ke kare shi daga lalacewa, ita ce kuma babbar matsalar mai walda, domin alminiyam yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin santigired, ita kuwa fatar sai zafi ya haura digiri 2,000. Ke nan ƙarfen zai narke ya zube a ƙarƙashi fatar tana nan daram. Tilas a kankare ta kafin walda da buroshin waya na ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ba a taɓa goga shi a kan baƙin ƙarfe ba.

Na biyu, alminiyam ba ya yin ja idan ya yi zafi. Maƙeri ya saba karanta zafin ƙarfe daga launinsa, amma wannan ƙarfe fari yake har zuwa sa'ad da zai rufta.

Na uku, yana watsa zafi da sauri, kuma yana buɗewa da zafi kamar ninki biyu na baƙin ƙarfe. Saboda haka yana bukatar wuta mai ƙarfi da hannu mai sauri, in ba haka ba farantin ya karkace.

Na huɗu ita ce iskar haidurojin. Narkakken alminiyam yana shan wannan iska kusan ninki 20 na abin da daskararre ke iya riƙewa. Idan ɗinki ya zo daskarewa sai iskar ta nemi fita, ta bar ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Daga laima da maiƙo da datti take fitowa, saboda haka sandar da ta kwana a wuri mai danshi, ko farantin da aka taɓa da hannu mai giris, sun isa su ɓata aiki.

An samu maganin yawancin waɗannan matsaloli a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1941 Russell Meredith na kamfanin jiragen sama na Northrop a Amurka ya kammala wata hanyar walda da ake tayar da wuta da tsinken tangistin wanda ba ya narkewa, ana kuma feso iskar da ba ta gamuwa da kome domin ta lulluɓe narkakken ƙarfen. Ita ce ake kira TIG. A 1948 aka fito da ƙanwarta, MIG, inda inji ke turo wayar walda daga ƙunshi ba tsayawa. A yau iskar argon aka fi amfani da ita a duka biyun. Wajen alminiyam, a kan yi TIG da lantarki mai kai da komowa, domin rabin zagayensa yana farfasa fatar nan, ɗaya rabin kuma yana narka ƙarfen. TIG ta fi dacewa da siraran faranti da aikin da ake son kyan gani, MIG kuwa da faranti masu kauri da dogon ɗinki.

4. Sanda Mai Lamba 5356 da 'Yan Uwanta

Walda ɗinki ce, zarenta kuwa shi ne sanda ko wayar da ake narkawa a cike tsakanin faranti biyu. A gidan magniziyam wadda ta fi shahara ita ce mai lamba 5356, a kwalinta kuma a kan rubuta ER5356. Tana da magniziyam tsakanin kashi 4.5 da 5.5 cikin 100, tare da ɗan manganis, da kuromiyam, da titaniyam wanda ke sa ƙwayoyin ɗinki su fito ƙanana.

Mai tambaya zai ce, me zai hana a yanko ƙyallen farantin da ake waldawa a cike da shi? Amsar tana cikin wani hali na alminiyam da ake kira tsagewar zafi. Sa'ad da ɗinki ke daskarewa yana tsukewa, idan kuwa akwai sauran ruwa-ruwa tsakanin ƙwayoyinsa a lokacin, sai ya tsage tun bai huce ba. Wannan haɗari ya fi tsanani idan magniziyam da ke cikin ɗinkin yana tsakanin kashi 1 da 2 cikin 100. Gamin 6061 da 6063, waɗanda ake yin firam ɗin taga da ƙofa da tsani da su, suna kusa da wannan wuri mai haɗari. Idan aka narka su da sanda mai kashi 5, sai magniziyam na cikin ɗinkin ya haura, ya tsallake haɗarin.

Babbar kishiyar 5356 ita ce 4043, wadda ke da silikon kamar kashi 5. A ido kusan ɗaya suke, amma kama da wane ba ta wane. Ita 4043 ta fi gudu idan ta narke, ɗinkinta ya fi santsi, ba ta kuma barin baƙin hayaƙi sosai a gefe. Ita kuwa 5356 ta fi ƙarfi, musamman a ɗinkin kusurwa, ta fi jure lanƙwasa, wayarta kuma ta fi tauri, ba ta cika cukurkuɗewa a cikin inji ba. Idan za a yi wa kayan wankan lantarki na ƙawa bayan walda, ɗinkin 4043 ya kan koma toka-toka mai duhu, na 5356 kuwa ya kan saje da jikin farantin.

Akwai ƙa'idoji biyu da ba a karya su. Ba a waldar faranti mai magniziyam da yawa, irin 5083, da sandar 4043, domin silikon da magniziyam za su haɗu su haifar da wani sinadari mai gautsi a cikin ɗinkin. Haka kuma ba a waldar kayan zubi masu silikon da yawa da 5356, saboda dalili guda. Yawancin murafen injin babur da kan silinda na mota irin wannan zubi ne, saboda haka 4043 ko 4047 ce tasu.

Sauran 'yan gidan kowacce da aikinta. Mai lamba 5183 da 5556 sun ɗara 5356 ƙarfi, su ake nema idan ana son ɗinki ya kai cikakken ƙarfin farantin 5083. Mai lamba 5554 kuwa magniziyam ɗinta bai wuce kashi 3 ba, an yi ta ne domin farantin 5454, kuma za a ga hikimar haka nan gaba.

Ya kamata a san cewa zafin walda kan sassauta ƙarfen da ke gefen ɗinki, kamar milimita 25 kowane ɓangare. A nan ne gidan magniziyam ya yi fice. Gamin 6061 da aka gasa ya yi tauri yana da ƙarfin kilogiram 30 ko fiye, amma bayan walda gefen ɗinkinsa kan sauko zuwa kamar 17. Shi kuwa 5083 ba ya sauka ƙasa da kamar 28. Injiniyan da ya yi lissafinsa da ƙarfin faranti kafin walda ya gina aikinsa a kan kuskure.

5. Wuraren Amfani

A teku wannan gami ya fi suna. Jiragen fito masu gudu, da jiragen sintiri, da kwale-kwalen kamun kifi, da yawa da 5083 ko 5086 ake ƙera gangar jikinsu. Rashin nauyi yana rage shan mai, yana kuma ba jirgi damar shiga ruwa marar zurfi.

Na biyu shi ne dakon iskar gas. Idan aka sanyaya gas zuwa digiri 162 ƙasa da sifiri ya kan zama ruwa, girmansa ya ragu kamar sau 600. Jirgin da ya fara ƙetare teku da irin wannan kaya, mai suna Methane Pioneer, ya tashi daga Luwiziyana ta Amurka zuwa Ingila a 1959, tankokinsa kuwa na alminiyam ne. Manyan randuna masu siffar ƙwallo da ake gani a bisa wasu jiragen gas da 5083 ake yin su. Nijeriya ta shiga wannan ciniki a 1999, sa'ad da aka fara fitar da gas daga tsibirin Boni.

A tudu kuwa akwai tankokin dakon mai, da akwatunan tifa, da taragun jirgin ƙasa. Duk kilogiram ɗin da aka rage daga nauyin mota kaya ne aka ƙara mata. Motar soja mai sulke ta Amurka, M113, wadda aka fara aiki da ita a 1960, da farantin 5083 aka ƙera jikinta.

6. Iyakokinsa

Kome kyan abu yana da inda ya gaza, babbar gazawar wannan gami kuwa zafi ne mai ɗorewa. A zafin digiri 450 alminiyam yana iya riƙe magniziyam sama da kashi 14 cikin 100, amma a zafin ɗaki abin da yake iya riƙewa kaɗan ne ƙwarai, kamar yadda shayi mai zafi ke narkar da sukarin da mai sanyi ba zai iya ba. Rarar tana zaune ne a takure. Idan gamin da ke da magniziyam fiye da kashi 3 ya daɗe, watanni ko shekaru, cikin zafin da ya wuce digiri 65, sai rarar ta riƙa tattaruwa a kan iyakokin ƙwayoyin ƙarfen. Ruwan gishiri ya fi saurin cin waɗannan iyakoki, idan kuma akwai nauyi a kai sai tsaga ta bi su ta ratsa farantin, alhali daga waje ba a ga alamar kome ba.

Rundunar sojan ruwa ta Amurka ta ɗanɗana wannan. Jiragenta na yaƙi jinsin Ticonderoga, waɗanda na farkonsu ya fara aiki a 1983, an yi ginin samansu da gamin 5456. Bayan shekaru suna yawo cikin zafin rana da gishirin teku, sai tsage-tsage suka yi ta bayyana, gyaransu kuma ya ci kuɗi masu yawa. Wannan darasi ne ga ƙasashe masu zafi. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai zafin iska kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, ƙarfen da ya wuni a rana kuwa ya kan zarce haka nesa ba kusa ba. Dalilin ke nan da ya sa tankin da zai ɗauki kaya mai zafi ake yin sa da 5454 a ɗinke shi da 5554. Dalilin ke nan kuma da ya sa ba a ɗumama faranti mai magniziyam da yawa fiye da digiri 120 kafin walda.

Gazawa ta biyu ita ce gobara. Alminiyam kan rasa ƙarfinsa tun kafin ya kai ga narkewa. A watan Nuwamba na 1975 jirgin yaƙin Amurka mai suna Belknap ya yi karo da wani jirgi, wuta ta tashi, ginin samansa na alminiyam ya narke ya rufta. Ta uku, idan aka haɗa alminiyam da jan ƙarfe ko baƙin ƙarfe a wuri mai laima ba tare da shamaki a tsakani ba, alminiyam ɗin ne zai riƙa cinyewa. Ta huɗu ta shafi lafiyar mai walda: hasken wannan walda yana ƙona ido da fata, hayaƙinta kuma yana cutar da huhu, saboda haka garkuwar fuska, da riga mai dogon hannu, da wuri mai shan iska wajibi ne.

7. Abin da Ya Rataya a Wuyan Ma'aikaci da Ɗalibi

Ma'aikacin da ke rubuta takardar sayen kaya, idan ya rubuta "sandar waldar alminiyam" ya yi shiru, ya bar wa ɗan kwangila zaɓi, shi kuwa mai araha zai kawo, an kuwa san araha ba ta ado. Kamata ya yi takarda ta faɗi lambar faranti, da lambar sanda, da kaurinta, da irin zafin da kayan za su zauna a ciki. Idan kaya suka iso a duba lambar da ke jikin kwali, a ajiye su a rufe a busasshen wuri. Kafin a ba mai walda babban aiki, a sa ya ɗinka gwaji a lanƙwasa a gani, gama sai an gwada a kan san na ƙwarai.

Ɗalibai kuwa suna da aiki a kasuwannin sana'a irin Panteka ta Kaduna, inda masu zubi ke narka tsofaffin kayan alminiyam su fitar da tukwane da ludaya. Sana'a ce mai daraja, domin sake narka alminiyam ba ya cin fiye da kamar kashi 5 cikin 100 na makamashin da ake bukata wajen samar da sabo. Sai dai a tukunyar narki a kan haɗa gwangwani da fistin da firam ɗin taga, abin da ya fito kuma babu mai sanin lambarsa. Ya isa tukunyar tuwo, amma bai kamata a ɗora masa nauyin da rai ya dogara a kai ba. Wanda ya karanta ilmin ƙarafa, ya kuma iya bayyana shi da harshen da masu sana'a ke ji, zai iya koya musu ware tarkace gida-gida kafin narki, da karanta lambar sanda kafin saye.

Kammalawa

An ga yadda magniziyam kashi 5 cikin 100 ke mayar da ƙarfe mai laushi ya zama abin ƙera jirgin ruwa, da yadda sandar 5356 da 'yan uwanta ke ɗinke shi. An kuma ga cewa ba ya jure zafi mai ɗorewa sama da digiri 65, ba ya shiri da zubi mai silikon, ba ya kuma yafe ƙazanta a wurin walda. Tambayoyi uku ne ya kamata a amsa kafin a kunna inji: wane gami ne farantin, wace sanda ce ta dace da shi, kuma a wane irin zafi kayan za su yi aiki. Wanda ya amsa su daidai ya tsare dukiyar jama'a da rayukansu.